Kofur ya dawo daga Borno ba rauni a jiki: gidan mari ko asibiti?

Auwalu Tela: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah kada a mai da maganar abin raha. Kowa a nan ya san Yayana Kofur, ba sai na kama suna ba. Lokacin da yake aikin soja a Borno motarsu ta taka nakiya a hanyar Damboa. Waɗanda ke gaba Allah ya yi musu rasuwa, shi kuma aka zaro shi a sume. Da ya farfaɗo ba karaya ba ɗinki, sai ɗan jini a kunne, shi da bakinsa ya ce garau yake, ya koma cikin 'yan uwansa. To tun da ya bar aiki ya dawo gida ba mu gane kansa ba. Ciwon kai ba ya barinsa. Sai ya tafi gona ya dawo ba fartanya, ka tambaye shi ya ce ai bai fita da ita ba. Mutumin da a da yara ke hawa wuyansa, yanzu kukan jariri kaɗai sai ya tashi ya yi jifa da kwano. Ranar Lahadi a kasuwar Gujungu tayar wata mota ta fashe, sai gani muka yi ya kwanta rub da ciki a gaban masu tumatir, yara suna dariya. Matarsa ta tafi gidansu. Yanzu Baffanmu ya ce a kai shi wajen wani malami mai mari a ɗaure shi har ya dawo hayyacinsa. Ni zuciyata ba ta kwanta ba, amma ni ƙarami ne a gidan.

Maman Walida: Wa alaikumus salam. Subhanallahi. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Sale Mai Shayi: Amin. Ni ma na lura. In ya zo teburina ba ya zama sai ya jingina da bango yana kallon hanya. Kuma sai ka faɗa masa kuɗin shayi sau biyu.

Garba Direba: Auwalu, ni ba na ɓoye-ɓoye. Ƙwaya ce. Na yi shekaru ina ɗaukar kaya zuwa Maiduguri, na ga yadda wasu samari ke haɗiyar taramol don kada barci ya ɗauke su. A ɗaure shi wata uku jininsa ya wanke, za ka ga ya dawo mutum. Baffanku ya fi ka sanin duniya.

Auwalu Tela: Kawu Garba, ɗakinsa ni nake share shi. Ban taɓa tsintar komai ba sai kwalayen maganin ciwon kai na kemis. Ko sigari ba ya sha.

Garba Direba: Mai sha ba ya sha a gaban ƙaninsa.

Ustaz Nura: Malam Garba a yi hattara da zato. Ni abin da nake gani, mutumin da ya kwana a dazuka da kufai, ya ga gawarwaki, ba abin mamaki ba ne a ce an shafe shi. A yi masa ruƙiyya, a lizimci azkar na safe da yamma. Amma mari kam ban goyi baya ba. Ban san inda shari'a ta ce a sa wa marar lafiya sarƙa a dake shi ba.

Hadiza Nas: Salamu alaikum. Ina bakin aiki ne shi ya sa ban shigo da wuri ba. Auwalu, abin da ka lissafo ba baƙo ba ne a wajen masu aikin asibiti, ko a 'yan acaɓar da suka faɗi ba hular kwano muna ganinsa. Ƙwaƙwalwa aba ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. In bam ya tashi kusa da mutum, iskar fashewar kaɗai tana ratsa kai, ga kuma buguwa da jikin mota. Ƙwaƙwalwar sai ta bugi ƙashi gaba da baya, ƙananan jijiyoyin da ke haɗa sassanta su miƙe, wasu su tsinke. Kamar kankanar da ta faɗo daga bayan mota ce, ɓawo lafiya lau, sai an yanka a ga ciki ya dame. Suman da ya yi da jinin kunne sun isa shaida cewa bugun ba ƙarami ba ne.

Sashen da ya fi shan wahala shi ne na gaba, bayan goshi. Shi ne ke riƙe mutum kada ya faɗi duk abin da ya zo bakinsa, shi ne ke tsara masa in ya gama wannan ya kama wancan. In ya taɓu sai ka ga mai haƙuri ya zama mai saurin hannu, mai tsari ya zama ba ya iya kammala aiki. Kwanciyar da ya yi a kasuwa kuma wani ciwon ne daban, firgicin da yaƙi ke bari a zuciya, amma sau da yawa tare suke zuwa a jikin soja.

Ina da tambaya, ka amsa min tsakani da Allah. Yana jin ƙanshin abinci? Barcinsa fa? Kuma ya taɓa faɗuwa yana fizge-fizge, ko ya yi shiru yana zare ido ba ya jin kira?

Auwalu Tela: Anti Hadiza, ƙanshi kam ba ya ji. Kwanaki wake ya ƙone a murhu yana zaune a gindinsa, har hayaƙi ya cika tsakar gida bai sani ba. Barci sai gefen asuba. Maganar faɗuwa kuwa, Inna ta ce kada a faɗa a waje, amma tunda kin tambaya, eh yana yi. Cikin dare ne, jikinsa ya sanƙare, kumfa a baki, har ya ciji harshe. In ya tashi ba ya tuna komai. Inna ta ware masa kwanonsa da kofinsa.

Hadiza Nas: To ai wannan ita ce babbar maganar, ita kuma kuka ɓoye. Farfaɗiya ce, kuma sananniyar aba ce bayan rauni a kai. Inda ƙwaƙwalwa ta ji ciwo yakan bar tabo, daga tabon nan take tashi. Ba lallai ta fara nan take ba, wani sai bayan watanni, wani shekaru. Likitocin Amurka sun bi diddigin sojojinsu da ƙarfe ko harsashi ya huda wa kai a yaƙin Biyetnam, suka tarar kusan rabinsu sun kamu da ita, wasu ma sai bayan fiye da shekara goma ta fara. Na Kofur bai huda ba, haɗarinsa bai kai nasu ba, amma hanyar ɗaya ce.

Ka gaya wa Inna da ladabi: ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko ta kwano. Ware masa kofi ƙara masa ƙunci ne kawai. In ta tashi, a janye shi daga wuta da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi ya kwanta ta gefe. Kada a cusa masa cokali, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu sai ya farfaɗo sosai, kada a danne shi. In ta wuce minti 5 ba ta sake shi ba, ko ta dawo kafin ya farfaɗo, a nemi mota. Kuma ku yi tunani: mai irin wannan a ɗaure da sarƙa a ɗaki cikin dare ba kowa a kansa, me kuke jin zai faru?

Kawu Garba, ko da a ce zatonka gaskiya ne, taramol ita kanta tana tayar da farfaɗiya. Kenan asibitin dai za a je.

Garba Direba: Hadiza, na ji karatunki. Amma kakanninmu sun je Boma a yaƙin Hitila, iyayenmu sun yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Sun dawo sun yi noma sun aurar da 'ya'ya. Ba mu ji ana cewa ƙwaƙwalwarsu ta girgiza ba. Yaran yanzu ne ba su da ƙwari.

Baba Samanja: Ɗana ne yake rubuta min, ni ido ya yi rauni. Garba, kai yaro ne lokacin, shi ya sa. Ni na tarar da 'yan Boma da ransu. Akwai wani tsoho a unguwarmu, in hadari ya taso aka yi tsawa sai ya shige ƙarƙashin rumbu, ba ya fitowa sai an lallashe shi. Wani kuma faretinsa yake yi shi kaɗai a bakin kasuwa da sanda a kafaɗa, yara na binsa suna waƙa. Sunan da ake kiransu da shi ke nan, mahaukatan soja. Ba wanda ya taɓa tambayar me ya same su a can. Waɗanda suka dawo lafiya su ka riƙe a ka, sauran an manta da su.

Ni na je Laberiya da ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, na je Saliyo lokacin da aka mayar da Tejan Kabbah kan mulki a 1998. Harsashin igwa ya faɗi kusa da raminmu. Na tashi ina ganin bakin mutane na motsi ba na jin komai. Har yau kunnena na hagu kuka yake, dare da rana. Na yi shekaru in na shiga kasuwa sai jiri ya ɗebe ni. Uwargidana ta sha wahalata, Allah ya saka mata, don akwai lokacin da ko ƙarar turmi ba na iya jurewa.

Abin da farar hula ba za ku gane ba shi ne, soja ba ya zuwa gaban ofisa ya ce kaina ke ciwo. Ga wani an yanke masa ƙafa, ga wani an rufe shi da bargo, kai kuma ka zo da ciwon kai? Kunya ma ba za ta bar ka ba, kuma tsoron kada abokai su ce ka ji tsoro ne. Sai ka haɗiyi farasitamol ka ɗauki bindigarka. Kofur da ya ce garau yake, ba ƙarya ya yi da gangan ba, haka aka horar da mu.

Sale Mai Shayi: Allahu akbar. Baba, wallahi ban taɓa sanin dalilin da kake juyo min da kunnen dama ba sai yau.

Malam Kabiru Firamare: Ranka ya daɗe Baba Samanja, maganarka ta tuna min da wani abu. Ko manyan ƙasashe sun daɗe kafin su yarda da wannan ciwo. A Janairun 2020 Iran ta harba makamai masu linzami kan sansanin Ain al-Asad da ke Iraƙi. Da farko aka sanar ba sojan Amurka da ya ji rauni. Da aka ci gaba da dubawa sai ga sama da 100 da raunin ƙwaƙwalwa, shugabansu Trump kuma ya ce ai ciwon kai ne kawai, tsofaffin sojojinsu suka yi masa ca. Ma'aikatar tsaronsu tana ƙirga irin wannan rauni tun shekarar 2000, adadin ya haura 400,000, kuma mafi yawa irin wanda ba a ganin komai a waje ne. Mu kuma ga yaƙin arewa maso gabas tun 2009, an yi farmakin soja na Lafiya Dole, an koma na Haɗin Kai, nakiyoyi a kan hanya ba iyaka. Ai irin Kofur ba za su yi kaɗan ba a ƙauyukan Kano da Jigawa.

Garba Direba: Malam, Amurka da kuɗinta. Mu nan buhun taki muke lissafi.

Malam Kabiru Firamare: Ban ce a kai shi Amurka ba, Malam Garba. Cewa na yi ciwon gaskiya ne. Mu ma muna da asibitin sojoji na 44 a Kaduna inda ake jinyar waɗanda suka ji rauni a daga, can ne ma Yarima Harry na Ingila ya je ya gaishe su a watan Mayun 2024. Sai dai wanda ake ɗauka a hoto mai sanda ne da mai bandeji. Mai mantuwa yana gida.

Zainabu Abu: Ku yi haƙuri in katse ku. Tun ɗazu ake maganar Kofur, ba wanda ya tambayi halin da matarsa take ciki. 'Yar ƙanwar mahaifiyata ce, a ɗakinmu take kwana yanzu. Ba yaji ta yi don rashin kunya ba kamar yadda ake yaɗawa a bakin rijiya. Cikin dare ta farka ta ji hannunsa a wuyanta, yana kiran sunan wani da ba ta sani ba. Da ya farka ya ga abin da ya yi, ya zauna yana kuka kamar yaro. Ta rufa masa asiri ba ta faɗa wa kowa ba, sai da ya sake. Tana son mijinta, kullum sai ta tambaya ko ya ci abinci. Amma da goyo a bayanta. Masu cewa ta koma ta yi haƙuri, wa zai kwana a ƙofar ɗakin?

Ustaz Nura: Malama Zainabu, haƙuri da miji marar lafiya lada ne babba. Kada dangi su zuga ta.

Zainabu Abu: Allah ya gafarta Malam, ba wanda ya zuga ta, kuma ba ta nemi takarda ba. Ladan muna so. Amma in aka wayi gari da gawa, ba lada za a tattauna ba. A fara yi masa magani, sannan a zo biko.

Maman Walida: Gaskiyar Zainabu. Mu mata mu muke kwana da ciwon, maza su ji labari da safe.

Ustaz Nura: Ban ce ta koma yau ba. Kare rai yana gaba, wannan ba saɓani. Abin da nake tsoro kada a bar shi shi kaɗai ya ga kowa ya guje shi. Irin wannan kaɗaicin yana kai mutum ga mugun tunani.

Hadiza Nas: Nan kam na yarda da Ustaz ɗari bisa ɗari, kuma likitoci ma suna sa ido a kan hakan ga masu raunin kai. Auwalu, in ka taɓa jin yana cewa gara ya mutu ko ya gaji da duniya, kada ka ɗauka magana ce kawai, ka faɗa wa likita. A kwashe wuƙa, adda da maganin feshi daga ɗakinsa ba tare da an yi shela ba. Wani namiji ya riƙa kwana kusa da shi. Matarsa ta zauna a gidansu tukuna, amma ta riƙa aiko da abinci, a kawo masa yaran da rana akwai babba a wurin. Kuma har sai an shawo kan faɗuwar nan, ba hawa babur, ba hawa bishiya, ba zuwa bakin rijiya ko fadama shi kaɗai.

Ruƙiyya da addu'a ba su hana shan magani, Ustaz ya je ya yi masa, zai ma ji sanyi a ransa. Abin da ba na so shi ne a turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki, ko a ce ya ajiye ƙwayar asibiti. Maganin farfaɗiya kullum ake sha, in aka yanke shi kwatsam takan dawo da ƙarfi fiye da da. Mafi yawan masu sha yadda aka ce suna samun sauƙi sosai.

Malam Kabiru Firamare: Game da mari kuma, a tuna wa Baffa abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida, wasu da sarƙa a ƙafa. Bayan nan an rufe irin waɗannan gidaje a wurare da dama. Kuma a Janairun 2023 aka sanar da sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta zamanin Turawa, ta kuma ba marar lafiya haƙƙin a mutunta shi.

Auwalu Tela: Na gode ƙwarai. To ina za mu nufa? Don na taɓa ambata masa asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, ya ce shi ba mahaukaci ba ne, ya yini bai yi min magana ba. Na Kazaure ma haka.

Hadiza Nas: Kada ku fara da can tunda sunan yana ɓata masa rai. Ku ce za a je a duba ciwon kai da kunne, kuma gaskiya ce. Ku fara da babban asibitin da ke kusa a rubuta muku takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Su za su ga ko a yi hoton kai da gwajin da ake manna wayoyi a kai, kuma in da buƙatar likitan damuwa su za su haɗa ku. Ka tafi da wanda ya ga faɗuwar da idonsa, in ma ta sake tashi kafin nan wani ya ɗauka a waya, yana taimaka wa likita sosai.

Abu biyu zan gaya maka tun yanzu. Hoton yana iya fitowa ba a ga komai ba, domin irin wannan tsinkewar ƙananan jijiyoyi ba kullum take fita a hoto ba, kada wani ya ce kun ga ai lafiyarsa ƙalau. Na biyu, kada ku sa ran zai koma daidai yadda yake kafin ya tafi. Faɗuwa, barci, ciwon kai da zafin rai ana iya rage su sosai. Ƙanshi da mantuwa wani yana dawowa wani ba ya dawowa. Sai a koya masa dabaru: komai da wurin ajiyarsa guda, saƙo ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta masa a takarda ya sa a aljihu.

Baba Samanja: Auwalu, ka nemo duk takardunsa: ta sallama, katin asibitin da aka fara kai shi, duk abin da ke nuna ranar da abin ya faru. Kada ka ba kowa na asali, ka yi hoto. Ka duba ko yana da katin DHML, wato inshorar lafiyar sojoji da masu ritaya. In babu, zan tambaya a ofishin 'yan mazan jiya, Legion, a ga ta inda za a bi. Ba na yi maka alkawarin komai, harkar takarda sai da naci.

Maganar tafiya kuma ku bar min. Ba za ku iya da shi ba don ku farar hula ne, gani yake ba ku san komai ba. Gobe bayan la'asar zan je in zauna da shi. Zan ce ni ma kunnena za a duba, ya raka ni. Kofur ba ya ƙin rakiyar Samanja. Baffanku kuma sa'ana ne, tare muka yi kiwo, ni zan yi masa magana. Kai kada ka ja da shi.

Sale Mai Shayi: To a buɗe asusu. Wanda zai ba da wani abu ya kawo teburina ko ya tura wa Malam Kabiru, shi ya iya rubutu.

Garba Direba: Ni har yanzu ina nan a kan bakana, a gaya wa likitan ya gwada fitsarinsa a gani. Amma mota ba sai kun nema ba. Ranar Talata ina shiga Kano ba lodi, ku zuba mai kawai. A fito da wuri, bayan sallar asuba, don layin kati ba ya jira.

Auwalu Tela: Allah ya saka da alheri, Kawu. In likita ya ce a gwada ba za mu hana ba. Anti Zainabu, ki tambayi matarsa ko za ta yarda ta bi mu, don ita ta fi kowa ganin yadda abin yake tashi.

Zainabu Abu: Na tambaye ta. Ta ce za ta je, amma ni ma da ni, kuma mu a baya za mu zauna.